Bulona a Ƙarƙashin Motar Baffa

Sannunku da zuwa, masu karatu. Baiwar Allahn nan da ta rubuto tana tambaya ko hoton hannun da na saka nawa ne ko na kakata, nawa ne. Shekarata ashirin da uku. Aiki ne ya cinye shi, kuma labarin yau duk a kan hannun nan yake, sai ki gyara zama.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Kaltumi, 'yar Fannami mai tattasai. Asalinmu Barwa, can wajen Boso, amma tun shekarar da aka watse saboda tashin hankali muke zaune a Difa, a gangaren Komadugu. Karatuna ya tsaya a aji biyu na kolej, ranar da muka hau bayan babbar mota da tabarmi da tukwane. Abin da na sani bayan nan a waya na koya, sai takardun da ake ƙunshe mana ƙosai. Akwai shekarar da na karance rabin littafin kimiyya daga wajen mai ƙosai ɗaya. Ɗaya rabin wasu sun riga ni saye.

Sana'ata ta gado dakan tattasai. Sana'ata ta biyu ita ce wadda Ya Zara, yayar Babana da ta rene ni tun rasuwar mahaifiyata, take kira "abin kunyar nan".

Ga yadda ta samo asali. Shekarar da kogi ya shigo unguwa, katangarmu ta narke daga gindi kamar sukari a shayi. Baba ya sake ginawa. Shekara ta zagayo, ta sake zama. Siminti kuwa ba abokin talaka ba ne. Ana haka wata rana na bi ta bayan rumfar Khalilu mai walda, inda yake zubar da farin taɓon karbur, dutsen nan da suke jiƙawa ya ba su iskar hura wuta. Idan ya gama aiki sai ya bar wani abu fari kamar kindirmon da ya kwana uku. Kusa da wurin kuma masu injin casa suke ƙona buntun shinkafa. Inda farin taɓon ya haɗu da tokar, ƙasa ta daskare, ko akuya ta taka sai ka ji ƙwas. Na sa ƙafa na shura. Kwana huɗu ina ɗingishi. A rana ta biyar na koma da kwano.

A bakin jujin nan na haɗu da Muhsinu. Yana sanye da farar rigar labo, da safar hannu, da takunkumi, yana ɗibar taɓo da cokali yana zubawa a 'yar kwalba kamar mai ɗibar zuma. Na ce a raina, ga 'yan furoje, masu aikin tallafi, sun dawo. Mun san su a Difa. Su zo, su ɗauki hoto, su ci abinci, su rubuta rapor. An taɓa yin taron kwana uku a kan tsaftar muhalli, da aka tashi sai da aka kwashe robar ruwa amalanke biyu daga harabar.

Ya dubi kwanona ya ce, "Hajiya, me za ki yi da shi?"

Na ce, "Miya."

Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Ya ce shi ɗan Damagaram ne, yana masta, wato digiri na biyu, a kan yadda za a mai da sharar masana'antu kayan gini, ya karanta cewa waɗannan biyun idan sun haɗu suna kamawa kamar siminti, amma bai taɓa gani da idonsa ba. Na ce ai yana tsaye a kai. Ya duƙa, ya ƙwanƙwasa ƙasar da cokalinsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Na tambaye shi me ya sa wani wuri yake kamawa, wani wuri ba ya kamawa.

Ya ce, "Ban sani ba."

Ku tsaya nan, masu karatu. Namiji mai takardar shaida biyu ya ce wa mace mai kwano "ban sani ba", ba tare da ya fara yin tari ba. Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa gani ba. Bayan haka ya ɗauki kwanon ya aza a ka, da farar rigarsa, ya bi ni ta tsakiyar kasuwar tattasai har gida, taɓo yana ɗiga masa a wuya, 'yan dako suna yi masa sannu da aiki, likita. A wannan tafiyar na kalle shi karo na biyu.

Wata takwas ke nan. Cikin wata takwas ya koya mini sunayen abubuwan da hannuna ya riga ya sani, ni kuma na koya masa riƙe taɓarya. Bai taɓa zuwa zance da turare ba, kullum da tambaya yake zuwa. Ranar da ya ce yana sona ma a tsakiyar wata tambaya ya saka, sai da na ce ya maimaita.

Watan da ya wuce muka buga bulo arba'in na gwaji. Ashirin nasa, bisa ƙa'idar littafi, komai a sikeli, ya rubuta wa kowane lamba da baƙin alƙalami. Ashirin nawa, da gwangwanin tumatir. Ni sai na shanya farin taɓon a kan kwano ya bushe ƙarau, in daka. Tokar kuma in daka ta kamar yadda nake dakan tattasai, in tankaɗe da rariyar laushi, sannan in cuɗa da yashi har in na dunƙula ya tsaya kamar dawo. Ba ni da lamba. In na gama kowanne, sai in danna masa babban yatsana a tsakiya.

Na ce masa, "Taɓon nan da kake aunawa jiƙe yake. Rabin abin da sikelinka ke gani ruwa ne."

Ya ce littafin ya ce kaza cikin ɗari.

Na ce to.

Muka jera su a bayan madafa, muka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Kwana ashirin da takwas za su yi ana yayyafa musu ruwa, sannan a ɗora su a mota zuwa Yamai, inda akwai injin da ke matse bulo har ya fashe ya faɗi ƙarfinsa. Safe da yamma ina ba su ruwa. Ya Zara ta ce ko jariri ba a yi wa haka.

A kwana na ashirin da huɗu saƙo ya zo: manyan Muhsinu za su zo neman aure ran Asabar, baffansa ne zai jagorance su.

Ya Zara ta kira ni ɗaki, ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya kamar mai taya kifi a kasuwa.

"Wannan hannun za ki kai gidan mutane?"

"Shi kaɗai gare ni, Ya."

"Ki rufe mini baki. Daga yau ba ke ba toka. Kuma ki buɗe kunne: in an tambaya, aikin na yaron ne. Ke ruwan sha kike kai masa."

"Ai ya san ba haka ba ne."

"Ya sani a bayan madafa. A gaban baffansa wani abu ne daban." Ta sassauta murya. "Kaltu, shekara talatin na fi mijina sanin kan kifi. Ni ke cewa a saya, ni ke cewa a sayar, amma ta bakinsa maganar ke fita. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Shi ya sa muka zauna lafiya. Namiji kamar tulu ne, ba a ƙwanƙwasa shi a gaban mutane."

Na janye hannuna. Ya Zara ba muguwa ba ce. Matar nan ta goya ni daga Barwa har inda muka samu mota alhali na fi ta tsawo, don ƙaya ta shige mini ƙafa. In ta ce abu, daga cikin tsoro take faɗa, ba daga ƙeta ba.

Ran Laraba ta kai ni gidan ƙawarta mai gyaran jiki, aka kulle ni kwana uku. Dilka safe da yamma har fatata ta fara tambayar ko ni ce. Aka zaunar da ni a kan kaskon turaren wuta kamar bandar tarwaɗa. Aka yi mini kitso, aka zana mini lalle har gwiwar hannu don a rufe tabon farar ƙasa. Kafin in tafi na roƙi Ya Zara ta riƙa yayyafa wa bulona ruwa. Ta ce, "Za su sha ruwa, kar ki damu."

Daren Laraban aka yi ruwan sama irin na Agusta.

Asabar da hantsi aka dawo da ni a lulluɓe, aka shigar da ni ta ƙofar maƙwabta don kada a gan ni. Gida ya sha shara, an shafe zaure, an shimfiɗa darduma ta aro. Na ajiye jaka na zagaya bayan madafa.

Wayam. Buhunan an wanke su tas, suna kan igiya.

"Ya, ina bulona?"

Tana gyara murhu, ba ta ko waiwayo ba. "Suna aiki."

"Wane aiki?"

"Ruwa ya kwanta a ƙofar gida har idon sawu. Kina so motar baƙi ta kafe, manya su sauko cikin taɓo da takalmansu? Ni da matan maƙwabta muka jera su. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ƙofa ta gyaru, bayan madafa ya zama na mutane. Kuma kin ce su sha ruwa. Kwana uku suna sha."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, cikin lafaya mai ruwan zuma wadda ta fi ni tsada, na ɗauko waya na rubuta wa Muhsinu.

"Bulo arba'in suna ƙofar gida cikin taɓo. Ya Zara ta yi wa Baffa hanya da su."

Kun san al'ada, saurayi ba ya zuwa ranar tambaya. Yana can ɗakinsa na haya yana jiran labari. Sai ga amsa:

"Inna lillahi."

Bayan ɗan lokaci: "Kwana nawa a ruwa?"

"Uku."

"A nutse gaba ɗaya ko rabi?"

Wannan shi ne mutumin da zan aura, masu karatu. Wata takwas na aikinsa yana cikin kwata, shi kuma yana tambayar zurfin ruwa.

Bayan azahar na ji ƙugin mota. Na lallaɓa na sa ido a hujin ƙusa da ke jikin ƙyauren langa-langa. Farar katkat ce, irin mai ƙaton gaba, ta shanyo kwana a hankali, ta hau hanyar Ya Zara.

Ƙurus. Ƙurus. Ƙurus.

Kamar ƙato yana tauna ƙuli-ƙuli. Kowane ƙurus a haƙarƙarina nake jin sa.

Mutum huɗu suka sauko. Ba sai an nuna mini Baffa Abbakar ba. Babbar riga fara ƙal, tabarau a rataye da sarƙa, alƙalami uku a aljihu, kowanne da launinsa. Muhsinu ya ba ni labarinsa: injiniya ne mai ritaya, ya yi kwas na sati uku a Faransa tun kafin a haife ni, kuma har yau bai gama dawowa ba.

Suka shiga zaure wajen Baba da dattawan unguwa. Ya Zara ta tsaya a bayan labule tana yi musu wushe wushe, gaisuwarmu ta Barebari, da muryar da ban san tana da ita ba. Ni kuma ina jin komai ta bango.

"Donk," in ji Baffa, yana yafa Faransanci, "mu a danginmu, wala, boko ne gadonmu. Ita yarinyar, ina karatu ya tsaya?"

Baba ya ce, "Inda gudu ya fara."

Baffa ya gyara murya.

"Bo. Muhsinu ya ce tana taimaka masa a bincike. Na ce madalla. Ko a Faransa ma kowane mai bincike yana da mai riƙe masa laima."

Aka yi dariyar manya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Baba bai yi ba.

Ni ba laimar ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, in motar nan ta tashi tafiya za ta juya a kan bulon, ta niƙe na niƙewa, ta cusa sauran cikin taɓo, ba wanda zai ƙara sanin wanne ya fashe wanne ya tsaya. Injin Yamai ya riga ya wuce mu. Amma ga wani injin Allah ya kawo har ƙofar gida, da direbansa, ya matse su bayan kwana uku a ruwa, irin matsar da katangarmu ke sha kowace shekara. Amsar tambayar da nake yi tun ranar da na shuri ƙasa tana kwance taku goma daga inda nake. Tsakanina da ita ƙyaure ɗaya ne, da kuma al'adar da ta ce yarinyar da aka zo tambaya ko tarinta kada a ji.

Na dubi lallena. Na dubi lafayar. Na fita ta ƙofar maƙwabta.

Direban dattijo ne mai furfura, Sallau sunansa, yana jingine da mota yana cin goro. Ya ga mace cikin ƙamshi ta zo ta durƙusa a taɓo tana leƙen ƙarƙashin taya.

"'Yata, ɗan kunne ya faɗi?"

"A'a, Baba. Don Allah ɗan ja baya kaɗan. Miƙe, kada ka murza sitiyari."

Ya dube ni, ya dubi zaure, ya tofar da goro ya shiga mota. Allah ya yi wa tsohon nan albarka, ko dalili bai tambaya ba.

Ƙarar injin ce ta fito da su. Na ɗago kai na ga takalma takwas da na Baba a bakin zaure. Gwiwoyina cikin taɓo, lafaya ta koma ruwan ƙasa, bulo ɗaya a hannuna na dama, ɓaraguzai a na hagu. Daga bayan labule na ji Ya Zara tana salati a hankali, irin na wanda ya ga gobara a gidan da ya gama shafewa.

Baffa ya sa tabarau. "Wannan fa?"

Baba ya ce, "Ita ce."

Ba wanda ya san inda zai sa ido. Ɗaya daga cikin baƙin ya shiga nazarin sama.

Baffa ya tattare riga ya matso bakin taɓon. Ya miƙo hannu na ba shi ɓaraguzan. Ya murza, suka zube kamar dambu. Ya karɓi mai lafiyar, ya jinjina nauyinsa, ya ciro makulli ya ƙwanƙwasa. Ya yi ƙara ƙal, kamar tukunyar da ta gasu.

"Siminti kashi nawa?"

Na ce, "Babu, Baffa."

"Ban ji ba."

"Babu ko cokali. Taɓon karbur ne na masu walda, da tokar buntu, da yashin kogi."

Ya Zara ta kasa haƙuri. Daga bayan labule ta ce, "Aikin ɗanku ne, Alhaji. Yaron akwai ƙwaƙwalwa. Ita ruwa kawai take ba su."

Baffa ya duƙa ya tsinci wani ɓalli mai baƙin rubutu. Ya tsinci na biyu, da na uku. "Wannan hannun Muhsinu ne. Ni na koya masa yi wa bakwai ɗamara." Ya jefar. Ya juya mai lafiyar, ya share taɓon da gefen hannunsa, ramin nan ya fito a tsakiya. "Wannan ba lamba. Kuma yatsan Muhsinu kamar taɓarya yake, ba zai shiga nan ba. Na wane ne?"

Masu karatu, ƙarya a nan ba ta da wuya. In ce tare muka yi. In ce shi ya ce in danna. Ya Zara ta riga ta share mini hanya, bi kawai zan yi. Na tuna tulun da ba a ƙwanƙwasawa a gaban mutane. Na tuna mutumin da ya ratsa kasuwa da kwanona a ka, yanzu ga aikinsa a warwatse a gaban baffansa da dattawan unguwa, ni kuma ana tambayata in ƙara masa.

Hannun ne ya tafi da kansa. Na sa babban yatsana, da jan lallensa, a cikin ramin. Ya zauna daram.

Baffa ya dubi yatsan, ya dube ni.

Baba ya matso. Ya ce, "Faɗa masa gwangwani nawa, Kaltu. Ni ma na gaji da gina katanga."

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ce zan janye rabin dariyar da na yi wa Baffa. Rabi dai. Baffa ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa mai kallon sama, ya naɗe ƙafar wando, ya shigo taɓon da takalminsa mai sheƙi. Donk ta ɓace, wala ta ɓace. Hausar Damagaram zalla ta dawo bakinsa.

"Tokar, wace iri? Baƙa ko fara?"

"Mai ruwan toka-toka. In wuta ta yi yawa ba ta kamawa, in ta yi kaɗan gawayi ne."

"Kin tankaɗe?"

"Da rariyar tattasai."

"Taɓon a jiƙe kike aunawa?"

"Sai ya bushe."

Ya rufe ido ya girgiza kai. "Shi kuma jakin a jiƙe ya auna."

Na ce littafin ne bai faɗa masa ba.

"Littafi ba ya faɗa. Shekara ashirin da shida ina gina kwalbati, yarinya. Na ga siminti mai takarda da hatimi ya narke a damina ɗaya." Ya miƙe. "Sallau. Mu jera su, ka hau."

Muka jera masu rami a layin taya, ni da injiniya, dattawan unguwa suna ba da shawara daga tudu. Sallau ya hau. Ya ja baya. Ya sake hawa. Baffa ya ce baƙin nan uku su shiga motar a ƙara nauyi, suka shiga da rigunansu suka zauna kamar masu tafiya garin Mainé. Sau bakwai. Yara da matan unguwa sun cika lungu, ana ƙirgawa da ƙarfi.

Da aka gama: nawa ashirin, uku sun tsage, sha bakwai ko gezau. Na Muhsinu ashirin, huɗu suka rage, su ma don taya ba ta same su ba ne.

Baffa ya zaɓi shida ya sa a bayan mota da hannunsa. Ya ciro alƙalami ɗaya daga cikin ukun ya rubuta awon a bayan wata takarda, ya tambayi cikakken sunana ya rubuta a sama. Ashe alƙaluman suna rubutu. Ya yi wa Baba sallama a gaggauce, yana cewa akwai wanda dole ya kira kafin rana ta faɗi. Motar ta tashi.

Sai da ƙurar taron ta lafa muka lura. Ba a yi addu'a ba. Ba a tambayi komai ba. Goro da alawar da suka zo da su ko sauke su ba a yi ba.

Ya Zara ta zauna a kan turmi, ta zuba tagumi. "Sun zo neman aure, sun tafi da bulo."

Na wanke hannu, na ɗauki waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Na gwada "sakamakon ya ɗan bambanta". Na ji kamar 'yan furoje. Daga ƙarshe na tura yadda yake:

"Naka sha shida sun fashe. Nawa sha bakwai sun tsaya. Baffa ya tambayi na wane ne, a gaban kowa, na nuna."

Alama biyu suka yi shuɗi. Ya karanta.

Shiru.

Aka kira la'asar. Shiru. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na ga ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Ya Zara ba ta ce "na faɗa miki" ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Kawo mini kunu ta yi ta ajiye a gabana, abin da take yi ke nan in an yi rasuwa.

Rana ta kusa faɗuwa saƙon murya ya shigo. Na so in shiga ɗaki, Ya Zara ta ce, "A nan za ki kunna. Tare muka ɓata, tare za mu ji."

Na kunna.

"Malama Kaltumi." Bai taɓa kirana haka ba. "Ki yi haƙuri da jinkiri. Baffa ne ya zaunar da ni tun ɗazu, ya zage ni da Hausa, ya zage ni da Faransanci. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini zafi. Wata takwas. Na fita na yi tafiya har bakin gada na dawo." Ya ja numfashi. "Kin faɗa mini taɓon jiƙe yake, na ji, ban saurara ba. Gobe da safe zan zo da sabon littafi, ki fara mini daga gwangwani na farko. Kuma takardar da za a rubuta, sunanki ne a gaba. Ba kyauta ba ce, haka ƙa'idar take."

Ya Zara ta dube ni. Na dubi kunu.

"Sannan Baffa ya ce a ba Baba haƙuri, sai da suka hau kwalta ya tuna da goro. Zai dawo ran Juma'a bayan masallaci, ya yi abin da ya kawo shi. Amma ya ce sauran bulon ki mai da su cikin ruwan inda suke, kada a taɓa. Wai katkat wasan yara ce. Da tifa zai zo, cike da yashi."

Saƙon ya ƙare.

Ya Zara ta gyara zama a kan turmi. Can ta ce, "Goron a cikin tifar zai zo?"

"Haka na fahimta, Ya."

"In suka fashe fa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Kuma gaskiyata ke nan, masu karatu. Ban taɓa gwada su da tifa ba. Tsakanina da Juma'a kwana shida ne, bulo sha huɗu, uku a ciki da tsaga.

Ya Zara ta tashi daga kan turmin, ta ɗaure zane, ta leƙa ƙofar gida. Rana ta yini tana shan ruwan, taɓon ya fara bushewa a gefe. Ta dawo ba ta kalle ni ba, ta cika bokiti a randa, ta ɗauka ta fita wajen bulon.